Ɗan'uwa mai tambayar ƙofar gareji, ga abin da ya same ni

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ɗakin yaranka da ke saman gareji ba ya kwantuwa saboda sanyi, kuɗin gas ya hau, kana son sanin ko liƙa wa ƙofar garejin soson tare sanyi zai yi magani. Wallahi daidai wannan halin na shiga a hunturunmu na farko bayan mun sayi gida a nan Winifeg, ƙasar Kanada. Yarana da rigunan sanyi da safa biyu suke kwana, ƙaramar in ta sauko daga gado sai ta ɗage ƙafa tana kuka, wai ƙasan na cizonta.

Kafin komai, don Allah kada ka bar kowa ya ƙara wa ƙofar nan nauyi bai duba sifirin ɗinta ba, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke samanta. Ni abin da ya kusa jawo mini asara ke nan.

Wani aka haɗa ni da shi, aka ce yana aikin hannu da sauƙin kuɗi. Ya zo gidana, ya ci abincina, yana ta kirana yayansa. Ya kalli ƙofar sau ɗaya ya ce aikin yini ɗaya ne. Ya liƙa soso mai kauri a kowane falle, sannan ya bi da falankin katako ya ɗaure da sukuru, wai don aikin ya yi kyau. Na tambaye shi, da bakina na tambaye shi, ko nauyin ba zai dami injin da ke buɗe ƙofar ba. Ya ce in kwantar da hankalina, ya yi wa gidaje da yawa. Na biya shi cif a ranar, har da ƙarin na mai. Tun daga makon nan injin ya fara gurnani in zai ɗaga, ƙofar na hawa tana karkarwa. Na kira shi ya ce sanyi ne, za ta saba.

Wata asuba cikin Janairu, sanyin ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, ƙaramar tawa ta kwana da zazzaɓi, numfashinta na fita da ƙyar. Uwarta ta naɗe ta a bargo, na danna rimot, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga a cikin garejin. Ƙofar ta ɗan taso kamar taƙi ɗaya ta koma ta zauna. Sifirin ya tsinke gida biyu. Mota na ciki, mu na ciki, yarinya na hannun uwarta tana nishi. Na kama ƙasan ƙofar na ja iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba, yatsuna suka manne da ƙarfen. Na kira mutumin nan sau nawa ban ƙirga ba, bai ɗauka ba. Har yau in na tuna fuskar matata a wurin, tsaye kusa da motar da ba za ta fita ba, sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan asalin Yukren, shi ya fito da rigar barci a ƙarƙashin kwat ya kai mu asibiti a motarsa. Yarinya ta warke, alhamdulillahi. Shi kuwa wancan bawan Allah da rana ya turo saƙo wai ƙofar dama tsohuwa ce, ba laifinsa ba ne. Daga nan ya toshe lambata. Ba kuɗin ne ke mini ciwo ba, kiran yaya da ya riƙa yi mini ne. Na bar shi da Allah.

Mai gyaran ƙofa na gaske da ya zo ne ya buɗe mini ido. Sifirin da ke saman ƙofar shi ke ɗauke nauyinta, injin ja kawai yake yi, kuma an auna shi ne daidai nauyin ƙofar yadda ta fito daga kamfani. Irin na yau da kullum ana yin sa ne don buɗewa da rufewa kamar sau 10,000, in nawa ya tsufa aka kuma ɗora masa katako, me ake jira? Gwajin da ya koya mini kai ma ka yi: ƙofa na rufe, ka ja jar igiyar nan da ke rataye don a raba ta da injin, ka ɗaga da hannu zuwa ƙugunka ka saki a hankali. In ta tsaya, lafiya. In ta sulale ƙasa, sifirin na buƙatar gyara. Kuma kada ka taɓa shi da kanka ko da ka ga bidiyon a YouTube, yana karya hannu, yana fasa fuska.

To abin takaicin, duk da soson da katakon, ɗakin yaran bai yi ɗumi ba ko kaɗan. Garejin da ba a ɗumama shi, gyaran ƙofarsa kaɗai ba ya rage kuɗin gas yadda mutum ke zato. Zafin gidanka ta silin ɗin garejin yake tserewa, wato ƙasan ɗakin yaran, da bangon da ke tsakanin gareji da gida, da ƙaramar ƙofar da kuke shiga kicin. Da aka buɗe silin ɗin nawa, audugar gilashin da aka sa a ciki don tare sanyi ta saki ta zauna a kan allon, tsakaninta da daɓen ɗakin akwai fili, iska na yawo yadda ta ga dama. Sai da aka toshe gefunan aka cika wurin sannan yarana suka cire safa. Ka tuntuɓi Efficiency Manitoba, hukumar tsimin makamashi ta lardinmu, kafin a fara irin wannan aikin, suna da tallafin da suke bayarwa a kan kayan tare sanyi na gida, kuma kafin a fara ake nema.

Af, ka fara da abu mai arha tukuna. Da rana tsaka ka shiga gareji ka rufe, ka kashe fitila. Duk inda haske ya shigo, nan sanyi ke shigowa. Ni ta ƙasan tawa har ɓera ke wucewa. Robar da ke toshe bakin ƙofar, ta ƙasa da ta gefe da ta sama, duk ana sayar da su a Home Depot ko Rona ko Canadian Tire, ka yanko guntun tsohuwar ka tafi da shi don bakinsu ya bambanta. Kada ka canza ta cikin tsananin sanyi, robar na ƙagewa.

Ƙofar kanta kuma ban ce kar ka yi mata ba. In ƙarfe ne zalla ba komai a cikinta, kamar tawa mai faɗin ƙafa 16 da tsayin ƙafa 7, ka sayi kayan da aka yi musamman don ƙofar gareji, marasa nauyi, masu rufi a fuska. Farin soso irin na kwalin firji yana ba da kusan R-4 a kowane inci na kauri (R ma'aunin tare sanyi ne, yawan lambar yawan tarewar), mai ruwan hoda ko shuɗi R-5. Amma soso tsirara yana cin wuta, ga mota ga fetur a wurin, kada ka bar shi a buɗe. In ƙofar ta riga ta gaji, gara ka tara ka sayi wadda aka cika cikinta tun daga kamfani, waɗannan na kaiwa R-12 zuwa R-18. Nawa garejin yanzu dusar da ke jikin mota na narkewa a ciki, shi ma da nasa: ruwan gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara na taruwa, in ya kai bakin ƙofa ya daskare sai robar ta manne da siminti. Kullum dare ina share shi waje.

Sai abin da ke tsorata ni fiye da komai. In ka toshe garejin ko'ina, kada ka kuskura ka tayar da mota ka bar ta tana ɗumi a ciki, ko da ƙofa a buɗe. Duk mun san gidajen da hayaƙin janareta ya kwashe a gida Najeriya cikin dare ɗaya, wannan ma gubar ɗaya ce, ba ta da wari, ga yara a sama suna barci. Ka sa ƙararrawar da ke jin wannan gubar, wato carbon monoxide, a bakin ɗakinsu yau ɗin nan, kafin ma ka sayi soso.

Ka yi mini magana ta gefe ka gaya mini unguwarku. Ranar Asabar bayan azahar ba ni da aiki, zan zo mu ja igiyar nan tare mu ga yadda ƙofarka take.