Tambaya da Amsa: Mai cafe ƙwallo a wasan besbol

Tambaya: Ina kallon gasar besbol ta Amurka, na ga mai cafe ƙwallon nan da ke tsugune bayan mai bugu ana yawan hutar da shi. Me ya sa?

Amsa: Gwiwa ce ke gajiya, mai karatu. A kowane wasa yakan tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari, ga ƙwallo na zuwa masa da gudun da kan wuce kilomita 150 a awa, daga tazarar mita 18.4 kacal. Kakar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, wasa 162 ce, shi ya sa kowace ƙungiya ke ajiye masu cafe biyu.

Kuma aikin ya wuce cafewa. Shi ke zaɓar irin jifan da za a yi, da ishara da yatsu, ko ta na'urar PitchCom, mai isar da saƙo ga mai jifa, tun 2022. In ɗan hamayya ya ruga satar tasha ta biyu, wato ya ruga can daga tasha ta farko ba tare da jiran bugu ba, dole mai cafewa ya jefa ƙwallo ta isa can, kusan mita 39, cikin daƙiƙa biyu. Jinkirin ciro ta daga safar hannu ko kuskuren taku, shi ke nan, ɗan hamayyar ya sha.

Duk da garkuwar fuska da ta ƙirji da ta ƙwauri, ƙwallon da ta goge sanda takan daki kai. Girgizar ƙwaƙwalwa ce ta sa Joe Mauer ya bar aikin cafewa ya koma tsaron tasha ta farko a 2014. Karayar ƙafar mai cafewa Buster Posey a 2011 kuwa na cikin abin da ya sa aka taƙaita karo tsakanin mai gudu da mai cafewa a tashar gida, inda mai bugu ke tsayawa.

Ivan Rodriguez ya tsuguna a matsayin mai cafewa a wasa 2,427 na MLB, babu wanda ya kamo shi.