Amsa kan shimfiɗar ZnO da ta ƙi ba wuta hanya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka fesa ZnO, wato sinadarin zinc oxide, a kan gilashi biyu daga ruwan haɗi ɗaya, na farko a zafin digiri 300, na biyu a 450, sai turjiyarsu ga lantarki ta sha bamban, har kana zargin mita. Ƙyale mitar nan, ba ruwanta.

Na jima ina wannan feshin a ɗakin gwaji nan Katsina. Ɗaga gilasan a hasken taga tukuna: wanda bai ji zafi ba yakan fito dishi-dishi da tabon ɗigo, ɗayan garau. Shimfiɗar ba kiristal guda ba ce, ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. A cikin ƙwaya atam na jere tsaf, ilektron sai gudu, amma a iyakar ƙwaya da ƙwaya jerin ya karye, nan ake riƙe shi. Kamar a ce kowace unguwa ta Katsina da ganuwarta, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro sai ka yi ta hawan katanga. Ƙwayoyi in suka girma, katangun sun ragu.

Don haka a yi maka XRD, wato awon X-ray da ke nuna yadda atam suka jeru, kafin komai. A zanen sakamakon dubi tsinin da ake kira (002), wajen kusurwar digiri 34.4. In dogo ne siriri, ƙwayoyin manya ne, sun miƙe tsaye a kan gilashin. In gajere ne mai faɗi, ƙwayoyin ƙanana ne, ka ga dalilinka.

Amma kada ka ruga tanda. Gashi a buɗaɗɗiyar iska yana girmar da ƙwaya, sai dai oksijin kan cike guraben da ya bari a jerin atam, ya kuma laƙe a iyakoki ya kama ilektron. Sau da dama na ga XRD ya yi kyau bayan gashi, turjiya kuwa ta haura.

In kana son ganin ƙarfin tsari, karanta labarin VO2, wato sinadarin vanadium dioxide: a zafin wajen digiri 68 jerin atam ɗinsa ke sauyawa, turjiya ta faɗi ninki dubbai. Wani masanin kimiyya mai suna Morin ya bayyana haka tun 1959. IGZO kuwa, wato haɗin indium, gallium, zinc da oksijin da ake sa wa allon waya, ko babu jeri yana tafiya da wuta lafiya, ba komai ke bin ƙa'idar ZnO ba.

Ka auna kaurin kowanne, ka yi awon turjiya da allura huɗu ba biyu ba, ka kuma rufe su a gwangwani saboda ƙurar hunturu. In sakamakon ya fito, turo hoton nan mu duba tare.