Yadda ake tabbatar da zazzaɓin Lassa a ɗakin gwaji

Ka tambaya wane gwaji ne ke tabbatar da zazzaɓin Lassa, tunda a farko kamanninsa ɗaya da maleriya da taifod.

Abin dogaro shi ne RT-PCR, mai neman ƙwayar halittar cutar kanta a cikin jini. A ɗebi jini mililita 4 zuwa 5 a kwalba mai murfi ruwan shunayya mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa. Kada a yi amfani da mai koren murfi, domin sinadarin heparin da ke ciki yana hana gwajin aiki. A naɗe samfurin ninki uku, a ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, a aika cibiya irin ta NCDC (hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya) da ke Gaduwa a Abuja, ko asibitin Irrua a jihar Edo. Can za a fara kashe ƙwayar da sinadari kafin a ciro RNA, wato ƙwayar halittarta da gwajin ke nema.

Inda ake yawan yin kuskure: jinin da aka ɗiba cikin kwana 3 na farko yana iya fita babu cuta alhali tana nan, don ƙwayar ba ta yawaita ba. Sai a maimaita bayan awa 48 zuwa 72. Ƙwayar Lassa kuma iri-iri ce, shi ya sa ake neman sassa biyu nata lokaci guda.

ELISA, gwajin da ke neman garkuwar da jiki ke samarwa don yaƙar cutar, taimako ne kawai. Nau'in garkuwar da ake kira IgM yana makara kafin ya bayyana, nau'in IgG kuwa tsohon kamu yake nunawa. Kuma samun maleriya a jini bai wanke mara lafiya daga Lassa ba.