Tambaya da Amsa: Wa ya ƙago lissafin kalkulus?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, muna shirin jarrabawar bak. Malaminmu na lissafi ya ce Niyuton ne ya ƙago deribe da antegral, amma yayana da ke jami'a ya ce Laibinis ne, har ma ya ce an zargi ɗayansu da sata. Wane ne ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki da yayanki kowa ya kama gefe guda na maganar, amma kafin a raba musu gardama sai mun san abin da ake gardamar a kansa.

Ki ɗauki jarka ki kai ta bakin famfo a ranar da ruwa ke wahala, irin wadda duk mutumin Damagaram ya sani: ruwan ya zo da ƙarfi, ya koma tsiyaya, ya ɗauke, ya sake dawowa. Da a ce zubarsa ba ta canzawa, da ninkawa kaɗai ta ishe ki sanin abin da zai taru cikin minti 10. Tun da tana canzawa, tambaya biyu ke tasowa. Ta farko, da wane ƙarfi ruwan ke zuba a daidai wannan ƙiftawar ido? Amsarta ita ce deribe. Ta biyu, nawa ya taru a jarkar daga farko zuwa yanzu? Amsarta ita ce antegral. Lissafin waɗannan biyun shi ake kira kalkulus.

Tambaya ta biyu ta girmi mutanen nan biyu nesa ba kusa ba. Arkimidis, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya auna da'ira ta hanyar matse ta ciki da waje da siffa mai gefe 96. Ibnul Haisam kuwa, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya gano yadda ake tara lambobin da aka ninka kowace da kanta har sau huɗu, ya yi amfani da wannan wajen auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya mai zurfi. A Kerala ta ƙasar Indiya ma, Madhaba ya fito da jerin lambobi marasa iyaka tun a ƙarni na 14. Sai dai kowannensu matsala ɗaya yake warwarewa da dabararta, in wata ta zo sai an sake sabon lale.

Abin da Niyuton da Laibinis suka tabbatar shi ne cewa tambayoyin biyu juyin juna ne: wanda ya san yadda ruwa ke zuba a kowane lokaci zai iya fitar da abin da ya taru, wanda kuma ya san yadda jarka ke cika zai iya fitar da ƙarfin zubar, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke aiki ko ruwa ake aunawa ko tafiyar tauraro. Niyuton, mutumin Ingila, shi ne ya riga kaiwa nan, tsakanin 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kembirij ya koma ƙauyensu, amma ya ajiye aikin bai buga ba, sai 'yan abokai suka gani. Laibinis, Bajamushe, ya kai ga abin ta tasa hanyar a Faris a 1675, ya kuma riga bugawa a 1684.

Batun sata, wato zargin cewa Laibinis ya kwafi aikin Niyuton, ya taso daga baya, kuma a nan, a ganina, Niyuton bai kyauta ba. A 1712 ƙungiyar masana ta Landan ta kafa kwamitin bincike da ya ba shi gaskiya, alhali shi ne shugaban ƙungiyar, kuma shi ya rubuta rahoton a ɓoye. Mai ƙara ya zama alƙali ke nan. Laibinis ya rasu a 1716 da zargin a kansa. Masana tarihin lissafi a yau sun yarda cewa kowannensu ya gano abin ne da kansa.

In kin buɗe littafinki za ki ga alamun Laibinis ne kike rubutawa, wato dx da doguwar S ta antegral, wadda ya ɗauko daga harafin farko na kalmar jimla a Latin. Ingilawa sun nace wa alamar Niyuton, wato ɗigo a kan harafi, kusan shekara 100 saboda kishin ƙasa, har masanan sauran Turai suka yi musu fintinkau. Darasin limit (wato ƙimar da lamba ke ta kusanta) da ake fara koya muku kafin deribe kuwa ba a hannun mutanen biyu ya daidaita ba, domin an daɗe ana sukar su cewa suna raba lamba da abin da bai kai komai ba, kuma ba sifili ba ne. Bafaranshe Koshi ne ya kafa masa tushe a littafinsa na 1821.