Tsohon bencin tik a korido: ki saya, amma ki auna tukuna

Hajiya, kin ce kin ga wani tsohon benci na katakon tik mai durowa a gefe a shagon gwanjo a Manchester, kina tambaya ko zai dace da koridon gidanku. Irinsa na bakin ƙofata shekara tara ke nan, don haka bari in ce wani abu.

Bencin tarho ne. A shekarun 1950 da 1960 a korido Turawan Ingila ke kafa tarhonsu mai waya, sai aka ƙera wurin zama haɗe da ɗan tebur da durowar littafin lambobi. Salon kuwa na mutanen Denmark ne: siraran ƙafafu, babu sassaƙa, babu ado. Har kamfanin kayan ɗaki na G Plan, da ya fito a garin High Wycombe na Ingila a 1953, ya ɗauko wani mai zane daga Denmark, Ib Kofod-Larsen. Ki leƙa cikin durowar ko ƙarƙashi, wani lokaci tambarin yana nan.

Amma kafin ki biya ko sisi, ki ɗauki tef ki auna. Koridon gidajen nan siriri ne, kuma an yi kayan ne don gidan mata da miji da yara biyu. Mu fa? Ranar suna ko Sallah takalma sai ka ce bakin masallacin Juma'a. Ni sai da na sa kwando biyu a ƙarƙashinsa kafin aka samu hanyar wucewa da keken jariri.

Abin da ba wanda ya gaya mini: yawancinsu ba tik ba ne zalla. Falle ne siriri aka liƙa a kan wani katako. Na ga tabon kofi a saman nawa, na ɗauko samfefa na hau gogewa da ƙarfina, kafin in ankara na huda fallen, fari ya leƙo. Har yau faranti nake ɗorawa a wurin, na makullai. Tsumma mai ɗan danshi ya isa, sannan man katako sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada ki jingina shi da hita, zafi na ɗaga fallen. Idan kuma kin ga ƙananan huji da garin katako a ƙasa, ƙwaro ne, ki bar musu abinsu.

Madubi da maratayin riguna da akan haɗa da irin bencin, in babu, kada ki damu, ba dole sai sun zo tare ba.

Inda ya biya ni kuɗinsa shi ne zuwan Inna. Gwiwa ta hana ta sunkuyo, a kansa take zama ta sa safa da takalmi lokacin sanyi, carbinta kuma a durowar lambobin yake kwana.