Hukuncin kamfani ya sayi hannun jarinsa da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina da ɗan hannun jari a kasuwar hannun jari ta Legas, sai naji wai kamfani zai fito da kuɗi ya sayi hannun jarinsa daga wajenmu kamar yadda Dangote Cement yayi a Disambar 2020. Me suke nema da hakan, kuma ya halatta in sayar musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, asalin abin ciniki ne, Allah kuwa yace ya halatta ciniki ya haramta riba, aya ta 275 cikin Baƙara. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Jidda a 1992 ta halatta saye da sayar da hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce. Kai abokin tarayya ne, ka sayar da kasonka ga sauran abokan tarayya da yardarka, babu laifi a nan.

Dalilin da yasa kamfanoni ke yin haka kuwa lissafi ne. Ace riba naira miliyan 100, hannun jari miliyan 10, kowanne ya tashi da naira 10. In kamfani ya saye miliyan 2 ya ajiye gefe, saura miliyan 8, kaga kowanne ya koma naira 12 da kwabo 50 alhali ko buhu ɗaya ba'a ƙara sayarwa ba. Wani lokacin kuɗi ne suka taru ba inda za'a zuba su, wani lokacin shugabanni ke ganin kasuwa ta karya farashin ƙasa da ƙimarsa, duk wannan ba komai.

Inda nake so ka buɗe ido wuri biyu ne. Na farko da wane kuɗi za'a saya. In daga ribar da aka tara ne, wanda shine dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ma ta shar'anta, Alhamdulillah. Amma akwai masu cin bashin ruwa don suyi wannan, Apple na Amurka a 2013 ya ciwo bashin dala biliyan 17 don ya mayar wa masu hannun jari kuɗi, kuma bashi da ruwa haramun ne ko don me aka ciwo shi, in ana ƙuri'a a taron masu hannun jari kada ka ɗaga hannu kan irin wannan.

Na biyu shine yafi damuna wallahi. In manajoji sun san alawus ɗinsu a ɗaure yake da farashi, sai su sa kamfani yayi ta saye don farashi ya kumbura, mutane su ruɗu su shigo, su kuma su lallaɓa su sayar da nasu, ko su ɓoye wani labari mai daɗi su saye a hannun ƙananan masu jari da araha kafin ya fito, wannan ha'inci ne, ɗan'uwan najashi (wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi masu saye) da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar, kuma yace wanda ya ha'ince mu baya cikinmu. Zunubin yana kansu, kai da baka sani ba kuɗinka halal ne.

Don haka in sana'ar kamfanin halal ce ka sayar in farashin yayi maka, in baiyi ba ka riƙe abinka, ba dole. Wallahu a'alam.