Tambaya da Amsa: Shin Ƙaro Zai Ƙara wa Sitiroberi Kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sarin sitiroberi a hannun manoman Chaha da ke kusa da Vom, ina aikawa Abuja, amma kafin a sayar sai ya yi laushi, ya kama fumfuna. Na ji an ce akwai ruwan da ake haɗawa daga tsirrai a tsoma 'ya'yan itace a ciki don su daɗe, kuma ana cinsa. Gaskiya ne? Ba zai rage wa sitiroberin amfani a jiki ba? Daga wata 'yar kasuwa a Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ne, kuma bincike ya nuna cewa wannan shafi da ake yi wa ɗan itacen da ruwan tsirrai yana taimakawa wajen kare amfanin. Sitiroberi ba shi da ɓawo mai kauri irin na lemo, kuma bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi, yana shaƙar iska yana ƙona sukarin da ke jikinsa, ruwansa kuma yana tsanewa. A cikin giram 100 akwai bitamin C kusan miligiram 59, wanda zafi da iska ke lalatawa. Idan aka tsoma ɗan itacen a ruwan ƙaro, ko ruwan sitacin rogo da aka dafa ya huce, ko majinar ganyen alobera, sai wani siririn rufi ya bushe a jikinsa, ya rage fitar ruwa da shigar iska, don haka bitamin ɗin da sinadarin da ke ba shi jan launi su jima ba su ragu ba.

A cikin ukun nan na fi karkata ga ƙaro, domin namu ne: daga itacen dakwara ake samunsa a Borno da Yobe da Jigawa, yana narkewa a ruwa, ba shi da wari, kuma kamfanonin abinci na duniya sun daɗe suna sa shi a alewa da lemon kwalba da lambar E414. Sai dai ƙaron da ake sayarwa a buɗe don haɗa tawada ko gyaran hula yakan zo da ƙasa da ɓawon itace, kuma bai dace da abin da za a ci ɗanye ba. Ki nemi tataccen garin da aka tanada don abinci. Masu bincike sukan gwada giram 5 zuwa 15 a ruwa mililita 100. Kada a cika kauri, domin idan iska ta toshe gaba ɗaya, ɗan itacen zai fara tsami daga ciki, ɗanɗanonsa ya sauya. A yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsoma na ɗan lokaci, sannan a shanya a inuwa har ya bushe sarai kafin a zuba a mazubi, saboda danshi ne abincin fumfunar nan mai launin toka da ke yi miki ɓarna.

Abin da nake so ki riƙe, Hajiya, shi ne shafin ba ya maye gurbin sanyi. Sitiroberi ya fi daɗewa a sanyin da ya kusa digiri 0, kuma ko a haka kwanansa bai cika wuce mako guda ba. Sanyin hunturun Filato ne ke rufa masa asiri, da zarar mota ta gangara daga tsauni ta nufi Abuja kuwa, zafi ya karɓe shi. Ki sa a tsinka da sassafe, a ware duk wanda ya ƙuje, a jera a mazubi marar zurfi, a ɗauka a kula mai ƙanƙara ba tare da ruwanta ya taɓa shi ba. Ki fara gwaji da mazubi biyu daga gona ɗaya, ɗaya da ƙaro ɗaya babu, ki kwatanta su kullum, kuma idan kin fara sayarwa ki sanar da masu saye abin da aka shafa.